Ɗan Wane Gari Ne?

Ya 'yan'uwanmu na rassan Rumbu, da Sakabal, da Kornaka, da Sabon Mashi, da Ajekoriya, da Birnin Lalle, da na cikin garin Dakwaro,

Maganarmu ta wannan fitowa a kan kokowa ta ke, da kuma masu ba da labarinta. Mun sani akwai wanda zai taɓe baki ya ce, ana fama da tsadar hatsi da ƙarancin rijiya, su kuwa sun kawo mana zancen wasa. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, a kuma karanta wa wanda bai iya ba. Mutumin da ya iya tauye maka haƙƙi a fagen wasa kana kallo har kana tafa masa, ba zai ji nauyin tauye maka shi ranar rabon taki ba. Ban da haka ma, kokowa ta daɗe da zama sana'a. Akwai magidanta da yawa a ƙasar nan waɗanda da ita su ke ci da iyalinsu, da ita su ke sayen sa na huɗa, da ita su ke aurar da ƙannensu. Ɗan kokowa kuwa jarinsa biyu ne, ƙarfinsa da sunansa. Ƙarfin Allah ke ba shi, ya ƙara da horo. Sunan kuwa yanzu yana hannun mai riƙe da abin magana, watau mikoro, da mai riƙe da kamara, da mai alƙalami. In sun so su ɗaga shi, in sun so su binne shi da ransa.

Kowa a cikinmu ya san inda kokowa ta fito. Ba a bariki aka haife ta ba. In an yi kaka an cika rumbuna, farin wata ya fito, sai samarin wannan gari su aika wa na wancan da goron gayya, makaɗa su ɗame ganguna, a share fage, 'yan mata su jeru, tsofaffin 'yan kokowa su zauna gaba-gaba suna duban ƙafar yara. Yaro ya fito ya yi kirari, kuma ba ya rufe baki sai ya ambaci ubansa, da garinsu, da wanda ya koya masa kamu. In ya yi kaye, garin ne ya yi kaye. In an kayar da shi, garin duka zai riƙe abin a zuci har baɗi.

A shekarar 1975, zamanin Seyni Kunce, gwamnati ta tara 'yan kokowar ƙasa duka a Tawa, aka ajiye takobi a tsakiya. Wanda ya fara ɗaukarsa namu ne na jihar Maraɗi, Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu. Shi ya sa fagen kokowa na Maraɗi ya ke amsa sunansa, kamar yadda na Doso ke amsa sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Yanzu jihohi 8 ke karawa, kowace da mutum 10, watau ƙarti 80 ke nan. A kwashe wajen kwana 10 ana gumurzu, wanda ya rage a tsaye a naɗa masa rawani, a sa masa babbar riga, a miƙa masa takobi da doki da miliyoyin sefa.

Mu ba mu ƙi gaskiya ba ko a bakin wa ta fito. Rediyo ya yi wa kokowa rana. An buɗe gidan rediyon ƙasar nan a 1958, shekarar ƙuri'ar I ko A'a, aka sake masa suna Muryar Sahel a 1974, daga baya talabijin ya biyo. Ba domin su ba, da mutumin Difa bai san Kantu ba, da mutumin Rumbu bai san Kadade na Tawa ko Balla Haruna na Damagaram ba. Kwanakin takobi kowa ya ga yadda kasuwa ke yin tsit, mai tireda da mai nama da mai kai tallar fura duk kunnensu na jikin akwati ɗaya. Daga Babban Taron Ƙasa na 1991 zuwa yau kuma gidajen rediyo masu zaman kansu sun yawaita, har ƙauyuka sun sami nasu. Wannan duka mun yarda. Amma fa wanda aka ba amanar kunnen mutane miliyoyi, tilas a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ɓatar da sunan gari. Ku saurara da kyau in ana gabatar da 'yan kokowa. Za ku ji an ce wane na Maraɗi, wane na Yamai, wane na Agadas, shi ke nan an wuce. Jihar Maraɗi kuwa faɗi gare ta. Daga Dakwaro zuwa birnin Maraɗi ya fi kilomita 100, daga nan kuma sai ka ƙara gaba kafin ka iso mu. Yaron da ya tashi a bakin kwarin Tarka, ya yi ƙarfi da jan guga da ɗaukar dami, uwarsa ta shayar da shi fura da nonon da ta saya wajen Fulanin unguwa, mutanen garinsu suka yi masa karo-karon kuɗin mota ya tafi zaɓen gunduma, ranar da ya kayar da wani ƙato a gaban ƙasa duka sai a ce ɗan Maraɗi ya yi kaye. Ina garin da ya raine shi? Ina dattijon da ya koya masa yadda a ke shiga ƙafa? Wallahi ko jaki aka kai kasuwa, dillali ya kan faɗi garin da aka taso shi.

Abin ma bai tsaya nan ba. Kowa ya san ba kowane ɗan kokowa ke tsaya wa jihar da aka yanke masa cibiya ba. Waɗansu neman abinci ya kai su birni, waɗansu jihar da ta rasa ƙarti ce ta neme su ta yi masu alheri suka sa rigarta. Ba mu ga laifinsu ba, sana'a ce, kowa inda ya ga zai samu ya ke zuwa. Amma mai ba da labari ya san wannan sarai, ya kuwa yi shiru. Sai birni ya ci gumin ƙauye sau biyu: ya ɗauke masa yaro, sa'an nan ya ɗauke masa yabon da ya kamata ya samu. Yaranmu na lakwal kuwa su tashi da zaton cewa jarumi sai a birni a ke haihuwarsa. Mu da mu ke tsaye gabansu da alli kullum mun ga abin da wannan ke yi masu. Ka tambayi yaro sunan 'yan ƙwallon Sifen, ya jero maka su har da lambar rigunansu. Ka tambaye shi wa ya fi kowa kaye a garinsu zamanin kakansa, sai ya sunkuyar da kai. Lakwal ta Nasara ta koya wa 'ya'yan ƙasar nan kogunan Faransa ta bar su ba su san inda Gulbin Kaba ya nufa ba. Ashe Nasara ya tafi ya bar almajirai a bakin mikoro?

Kada wani ya ce mun cika tsanani da muka kawo sunan Nasara. Wannan ciwo tsoho ne, kuma ga misalinsa. A ranar 24 ga Satumba 1922, a birnin Paris, wani ɗan Senegal haifaffen Sanluwi, wanda a ke kira Battling Siki, ya kara da zakaran damben Faransa, Georges Carpentier. Wannan Siki ya yi wa Faransa yaƙin duniya na fari har an ba shi lambar jarumta. A turmi na 6 ya shimfiɗe Carpentier ƙasa warwas. Me alƙalin wasa ya yi? Sai ya ce wai taɗiya Siki ya yi masa, ya ba wanda ke kwance nasara. Sai da 'yan kallo, Turawa 'yan'uwan Carpentier, suka tashi da ihu, sa'an nan aka warware hukunci aka ba mai gaskiya gaskiyarsa. To, amma jaridu fa? Maimakon su rubuta cewa gwani ya ci gwani, sai suka dinga kwatanta shi da namun daji, suna cewa daga kurmi ya fito, alhali mutumin birni ne tun haihuwa. Suka bi shi da wannan fenti har aka harbe shi a birnin New York a 1925. Ya yi nasara a fage, aka kayar da shi a takarda. Haka kuma a Amurka, da Muhammadu Ali ya musulunta ya sake suna a 1964, jaridu da yawa sun yi shekaru suna kiransa da sunan da ya ce ya yar. Sun san abin da su ke yi. Wanda ya hana ka sunanka ya gaya maka matsayinka a wurinsa ke nan.

Mu a nan ba baƙi ke yi mana ba, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, shi ya sa abin ya fi zafi.

Sai maganar son kai a lokacin da a ke cikin kamu. A nan muna so 'yan'uwa su rarrabe abu biyu da a ke neman a cakuɗa mana. Akwai makaɗi, akwai mai ba da labari. Makaɗi an san aikinsa. Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa a fagen dambe, ba wanda ya ce masa don me bai raba yabon daidai da abokin karawar Shago ba. Sagalo ya wasa 'yan kokowa har tsikar jikin mutum ta tashi, kowa kuwa ya san wasa su ya ke yi, domin sana'arsa ke nan ta gado, a fili ya ke yi, a fili a ke yi masa kari. Calicali ma da ke tsalle-tsalle yana kwaikwayon wanda ya faɗi, ba wanda ke ɗaukar maganarsa hukunci. Amma wanda aka ba mikoro aka ce ya zama idon makiyayin da ke bayan garke, da matar da ke bakin turmi, da makahon da ke zaune a zaure, wannan shaida ne. Mai sauraro ba ya ganin fage, abin da aka gaya masa shi ne ya faru. In shaida ya koma maroƙi bai faɗa wa kowa ba, ya ci amana.

Kuma ba sai ya yi ƙarya ba kafin ya yi zalunci. Ku lura da yadda a ke yi. In mai suna ya ja da baya yana kewaya fage, sai a ce dabara ya ke yi, yana karanta abokin karawarsa. In yaron da ba a sani ba ya yi haka nan daidai, sai a ce tsoro ya kama shi, yana gudun kamu, har a riƙa tuna wa alƙali cewa lokacin gargaɗi ya yi. In mai suna ya yi kaye, a kwashe rabin sa'a ana ba da tarihinsa tun daga yaye. In shi aka kayar, sai a shiga neman dalili: ƙafarsa ce ta zame, yashi ne ya yi laushi, dama ba shi da lafiya tun jiya, ko kuma a ce asiri ne ya yi aiki. Yaron da ya yi shekara yana horo domin wannan rana ɗaya, aka mayar da kayensa tsautsayi. A talabijin kuma, kayen da ya yi wa masu magana daɗi a maimaita shi sau biyar ana jan hoton a hankali, wanda a ke gardama a kansa kuwa, wanda kowa ke so ya sake gani domin ya san ko gwiwa ta taɓa ƙasa, sai kamara ta juya wajen rumfar manya ta nuna mana wani yana gyara hula. Bayan an tashi a kai wa wanda ya ci mikoro har bakinsa, wanda aka kayar ko sannu.

Fage kuwa ba ya jin rediyo. Kadri Abdu na Doso, wanda a ke kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobi har sau 6, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa, kuma ba mai hankalin da zai raina masa. Amma a ƙarshen shekarar 2024, a garin Doso, a gaban mutanensa, Abba Ibrahim na Yamai ya raba shi da takobin. Duk wanda ya riga ya naɗa rawani da bakinsa tun ba a shiga fage ba, ran nan ya ga iyakar saninsa. Da a ce masu ba da labari suna bin ƙananan fagage shekara duka, suna sanin wane yaro ke tasowa, da ba a riƙa shammatarsu haka ba.

Ga shi kuwa ba su bi. Kokowa a wurinsu kwana 10 ce a shekara. Sauran kwanakin fa? Kokowar kaka a ƙauyuka, da ta ranar kasuwa, da zaɓen da a ke yi a ƙananan hukumomi da gundumomi kafin a fitar da mutum 10 na jiha, nan ne a ke yanke wa yaro rabonsa, nan ne kuma in za a yi maguɗi a ke yinsa, domin ba ido. In aka cire mai kaye aka sa ɗan gidan wane, wa zai ji? Kafin labari ya kai Maraɗi ya tsufa, kafin ya kai Yamai, tafiyar da ta fi kilomita 600 daga Maraɗin, ya mutu. Ƙwallon ƙafa ma haka ta ke fama. Manyan ƙungiyoyi na soja da na kwastan da na 'yan sanda duk a Yamai su ke, kusa da bakin masu magana. Mutum nawa ne cikin samarin yau aka taɓa gaya wa cewa Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram kuma ta ci a 1984?

Za a ce mana ba kuɗi, ba mota, ba mai. Mun ji, kuma mun san da yawa cikin 'yan jarida albashinsu bai taka kara ya karya ba, waɗansu ma sai su yi watanni ba su gan shi ba. Amma wannan uzurin shi ne ainihin ciwon. In wanda ya shirya wasa shi ya ɗauko ɗan jarida a motarsa, shi ya sauke shi, shi ya ciyar da shi, shi ya sa masa ɗan abu a aljihu ranar komawa, da wane baki zai ce an yi rashin gaskiya a wasan? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Attajiri ko ɗan siyasa da ya ɗauki wani ɗan kokowa ya zama yaronsa, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa domin a yi ta ambaton yaron. Ɗan talaka daga Rumbu wa ya sani? Ba mu ce duka haka su ke ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu waɗanda in suna magana ba ka iya gane jiharsu, kuma jama'a ta san su, tana girmama su. Sai dai tsarin da ya bar cikin ɗan jarida a hannun mai shirya wasa, ko waliyyi aka sa a ciki sai ya sha wuya.

Akwai kuma wata al'ada da mu ke so a dube ta. Ana cikin wasa sai a tsayar da kome a shiga shelar kyauta: Alhaji wane ya ba da jaka kaza, mai girma wane ya yi alkawarin babur, kamfani kaza ya yi alkawarin fili. A faɗi sunan mai kyauta da na ubansa da muƙaminsa, ba a mance ko ɗaya, ga shi kuwa an kasa faɗin garin wanda ya zubar da gumin. To, bayan an watse, wane ɗan jarida ne ya taɓa komawa bayan wata 6 ya tambayi ɗan kokowa ko alkawarin ya iso hannunsa? Mai alkawari ya riga ya sayi sunansa a kunnen ƙasa duka, a kan bashi. In ya cika, madalla. In bai cika ba, ba mai tona shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka nan ba mai zuwa ya duba tsofaffin 'yan kokowa da ke kwance a ƙauyuka da ciwon baya da na gwiwa, sai ranar da ɗaya ya rasu a karanta ta'aziyya cikin minti ɗaya.

Masu cewa a yi koyi da Senegal, inda kokowa ta zama babbar kasuwa har aka gina mata fage na musamman a Pikin a 2018, su sani kuɗi in ya yawaita ba ya gyara bakin mai magana, sai dai ya ƙara masa farashi. In ba mu gyara tun yanzu ba, ranar da kuɗin ya zo sai mu tarar an riga an sayar da fagen.

Game da harshe kuma. A watan Maris na 2025 aka rubuta a dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. To, mu gani a ƙasa. A baki kam ana ba da labarin kokowa da Hausa da Zabarmanci, ba mu musa ba. Amma abin da a ke rubutawa a ajiye, wanda jikoki za su buɗe su karanta, yawancinsa da Faransanci ya ke, tun zamanin jaridar Le Temps du Niger har ta koma Le Sahel a 1974. Ɗan kokowa ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kansa, balle ya ce an yi masa ƙarya. Kuma kada mu Hausawa mu yi wa waɗansu abin da mu ke kuka da shi. Maƙwabtanmu Fulani da Buzaye da mu ke cin kasuwa ɗaya da su, su ma suna da kunne, suna da 'ya'ya a fage, suna da haƙƙin su ji da harshensu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi kome haɗari. An kafa gasar takobi domin ɗan Tilaberi da ɗan Difa su san juna, su ci abinci a akushi ɗaya. Mai magana ɗaya da ya karkata zai iya rushe wannan cikin dare ɗaya. In mutanen wata jiha suka kwanta da zaton an yi masu fashin kaye kuma rediyo ya goyi bayan ɓarawo, ba alƙalin za su tsana ba, jihar da ta ci za su tsana, da mutanenta, da harshensu. Yanzu kuma ga wayar hannu ta shigo. Kowane yaro ya zama gidan talabijin. A yanko rabin kamu a watsa a WhatsApp da Facebook da TikTok, a cire farkonsa a cire ƙarshensa, a ɗora zagi a kai, kafin gari ya waye ya kai Agadas. Waɗansu samarinmu na nan suna yin wannan, suna zaton kishin gida ne. Muna gaya masu, wanda ya yanke hoto domin ya ɓoye faɗuwar nasa, shi da mai mikoron da mu ke zargi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. In namu ya faɗi, ya faɗi. A ce an kayar da shi, a faɗi sunan wanda ya kayar da shi da garinsu, a koma horo.

Abin da mu ke nema wurin gidajen rediyo da talabijin da jaridu ba ya cin ko dala. In an kira ɗan kokowa a faɗi garin da aka haife shi tare da jihar da ya ke tsaya wa. In an gama kamu a ba mutum biyun mikoro, wanda ya ci da wanda aka ci. Kayen da a ke gardama a kansa a nuna shi kowa ya gani, ko wa ya shafa. Wanda kuma ya san yana da ɗan kokowar da ya ke ci a hannun ubangidansa, ya ajiye mikoro ranar da yaron zai shiga fage, ya koma cikin makaɗa inda ba wanda zai zarge shi. Hukumar kokowa ta ƙasa ita ma ta riƙa ba da takardar sunaye da garuruwa tun kafin a fara, domin kada wani ya fake da cewa bai sani ba.

Amma kada mu zauna jiran Yamai. A 1962 an kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo a ƙasar nan, aka riƙa ɗaukar muryar mutanen ƙauye a kai gidan rediyo a watsa, kuma malaman lakwal na cikin waɗanda suka riƙe aikin. Abin da aka iya da na'ura mai nauyi a bayan doki ko raƙumi, ba za a kasa shi da wayar da ke aljihun kowa ba. Saboda haka kowane reshe ya sayi littafi ɗaya, ya naɗa mutum ɗaya mai rubutu. Duk kokowar da aka yi a yankinsa daga wannan kaka, a rubuta ranar, da garin, da sunan kowane ɗan kokowa da na ubansa da ƙauyensu, da wanda ya kayar da wani, da sunan dattawa 2 da suka gani da idonsu. A rubuta faɗuwar namu kamar yadda za a rubuta kayensa. Ranar zaɓen gunduma reshe ya aika da mutum ya zauna da littafin a gaba-gaba inda kowa zai gan shi. A kai kwafi gidan rediyon da ya fi kusa, a roƙe su da ladabi su karanta. In sun karanta a yi masu godiya, in sun ƙi a koma mako mai zuwa. In an ji mai magana ya karkata, a rubuta masa takarda da sa hannun 'yan reshe, a faɗi ranar da sa'ar da abin da ya ce, ba zagi, ba barazana.

Tsofaffin 'yan kokowa kuma da ke raye a garuruwanku, a je a gaishe su da goro, a zauna a rubuta waɗanda suka kara da su, da inda aka yi, da makaɗan da suka yi masu kiɗa. Mu a reshen Rumbu mun buɗe namu littafin, mun kuma keɓe shafi 20 na farko domin su. Wanda ke da sunan da ya ke so a shigar, ya kawo wa magatakardan reshe ranar kasuwa bayan la'asar.